Laushin Ƙashi: Tarihin Neman Musabbabin Ciwon Ƙashi a Jikin Matasa

A cikin cututtukan da suka daɗe suna ba likitoci wahala wajen gano asalinsu akwai wadda ake kira laushin ƙashi, wato yanayin da ƙashin baligi yake rasa taurinsa saboda ƙarancin ma'adinan da ke ƙarfafa shi, har ya riƙa ciwo, yana lanƙwashewa, wani lokaci ma ya tsage ba tare da mutum ya faɗi ko ya bugu ba. Ƙashi, duk da kamannin dutse da yake da shi, abu ne mai rai wanda jiki ke rushewa yana sake ginawa muddin mutum na numfashi, kuma ginin nasa mataki biyu ne: da farko jiki yakan shimfiɗa wata saƙa mai taushi ta furotin, sannan ya zuba mata kalsiyam da fosfet, ma'adinai biyun da ke mayar da ita ƙashi mai ɗaukar nauyi. Idan mataki na biyu ya gaza, saƙar takan ci gaba da taruwa ba tare da ta ƙame ba, kamar tukunyar da aka gina aka bar ta ɗanya ba a kai ta wuta ba. A jikin yaro mai girma wannan gazawa takan fito fili, domin ƙafafu sukan gwame ko su lanƙwashe kamar baka, wuyan hannu ya kumbura, kuma ita ce cutar da ake kira riket. A jikin saurayi ko budurwar da tsayinsu ya tsaya kuwa, babu abin da ido zai fara gani, sai dai ciwon baya da ƙugu da cinyoyi da haƙarƙari, da raunin jiki mai sa tashi daga tabarma ya zama aiki, da wata irin tafiya ta rangaji mai kama da ta agwagwa. Wannan ɓuya ita ce ta sa aka yi ƙarnuka ana laluben musabbabin cutar, kowane zamani yana ɗora laifin a kan abin da kayan aikinsa suka iya nuna masa.

Cutar yara ce aka fara bayyanawa a rubuce, kasancewar ita ce mai saurin ganuwa. Daniel Whistler ya yi mata kundin digirinsa na likita a Jami'ar Leiden a 1645, sannan Francis Glisson ya fitar da cikakken littafi a kanta a Landan a 1650, kuma bayanin da suka yi na siffofinta bai tsufa ba har yau, ko da yake babu ɗayansu da ya kusanci sanin dalilinta. Ta manya kuwa ba ta shigo hannun masana ta ƙofar masu duba ƙashi ba, ta shigo ne ta ɗakin haihuwa. A wasu yankunan Turai, musamman kwarin kogin Rhine da arewacin Italiya da sassan Suwizalan, masu karɓar haihuwa na ƙarni na 18 da na 19 sun saba ganin mata masu ƙananan shekaru waɗanda ciwon ƙashi ke kama su a lokacin goyon ciki, ya lafa bayan yaye, ya dawo da ƙarfi a ciki na gaba, har ƙashin ƙugu ya matse ta yadda macen da ta haifi ɗanta na fari lafiya sai ta kasa haihuwar na huɗu ko na biyar. A zamanin da tiyatar fitar da jariri ta ciki take kusan daidai da hukuncin kisa ga uwa, matsewar ƙugu ba ƙaramin al'amari ba ne, shi ya sa likitocin mata suka fi kowa damuwa da cutar, kuma shi ya sa suka fi kowa kuskure a kanta.

Tun da dai cutar tana bin ciki da shayarwa, sai aka ɗauka cewa a gaɓoɓin haihuwa take. A 1876 Edoardo Porro, wani likita a birnin Pavia na Italiya, ya ƙirƙiro hanyar fitar da jariri tare da cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai don tsare uwa daga zubar jini da ruɓewar ciki, kuma bayan hanyar ta yaɗu sai aka lura cewa wasu matan masu laushin ƙashi da aka yi wa wannan aiki sun sami sauƙi. Daga nan ne Hermann Fehling, likitan mata Bajamushe, ya yanke cewa ma'ajiyar ƙwan mace ce tushen cutar, ya kuma fara cire ta da gangan a matsayin magani tun daga 1887, wasu da dama suka bi sahunsa. Abin lura a nan shi ne cewa sauƙin da aka gani ba ƙarya ba ne, fassarar da aka yi masa ce ta karkace, domin macen da aka yi wa wannan aiki ta daina ɗaukar ciki, ta daina shayarwa, ke nan an toshe babbar hanyar da kalsiyam ke fita daga jikinta. Jariri yakan kwashi kimanin giram 30 na kalsiyam daga jikin uwa kafin a haife shi, nono kuma yakan ɗebi miligiram 200 zuwa 300 a kowace rana, alhali dukkan abin da ke jikin baligi bai wuce kimanin kilo ɗaya ba, kusan dukkansa a cikin ƙashi. An raba mata masu yawa da haihuwa saboda cutar da cokalin man kifi zai iya warkarwa.

Abin takaicin shi ne cewa an riga an san wannan mai. Masunta a gaɓar tekun arewacin Turai sun daɗe suna shan man hantar kifin kod don ciwon gaɓoɓi, kuma Armand Trousseau, babban likitan Faransa, ya koyar a shekarun 1860 cewa laushin ƙashi riket ne na manya, cewa rashin abinci mai kyau da rashin rana suna da hannu a ciki, kuma man hantar kifi yana maganin duka biyun. Tun kafin shi, a 1822, Jędrzej Śniadecki ɗan ƙasar Polan ya lura cewa yaran lungunan birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa da riket, ya kuma danganta hakan da hasken rana. A 1890 Theobald Palm, wanda ya yi aikin likita a Japan, ya tattara amsoshin likitocin mishan daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa cutar ta fi yawa a biranen Birtaniya masu hayaƙi, ta yi ƙaranci a ƙasashe masu rana ko da talaucinsu ya fi tsanani. Ba a karɓi waɗannan maganganu ba, saboda zamanin na gano ƙwayoyin cuta ne, kuma hankalin masana ya fi kwanciya da cewa kowace cuta akwai ƙwayar da ke haddasa ta, sannan babu wanda ya iya bayyana yadda abu biyu da ba su da wata alaƙa a zahiri, wato rana da man kifi, za su yi aiki iri ɗaya.

Kafin a warware wannan, an sami ci gaba ta fuskar gane cutar kanta. A 1885 Gustav Pommer, masanin cututtuka ɗan Ostiriya, ya duba yankakken ƙashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya raba cututtuka biyu da ake cakuɗawa: laushin ƙashi, inda saƙar ƙashin tana nan amma ba ta sami ma'adini ba, da zaizayar ƙashi ta tsufa, inda ƙashin da ya rage mai tauri ne amma yawansa ya ragu, kamar azarar da gara ta ci. Sai dai wannan bambanci a gawa kaɗai ake iya ganinsa a lokacin. Hoton ƙashi, wanda ya samu bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, shi ne ya ba likita damar leƙa ƙashin mai rai, kuma a 1920 Emil Looser, likitan tiyata ɗan Suwizalan, ya bayyana wasu siraran layuka da ke ratsa ƙashi kamar tsagewar da ba ta ƙarasa ba, waɗanda suka fi fitowa a ƙashin ƙugu, da wuyan ƙashin cinya, da haƙarƙari, da gefen allon kafaɗa, sau da yawa a dama da hagu lokaci guda. Louis Milkman na Amurka ya sake bayyana su a 1930 da 1934, kuma har yau sunayen mutanen biyu ne a kan waɗannan layuka, waɗanda ganinsu a hoton matashi mai ciwon ƙugu yakan kusan yanke hukunci.

Yunwar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta kawo amsar da aka yi shekaru ana kewayawa. A Biyana da wasu biranen Jamus cutar ta fita daga ɗakin haihuwa ta kama maza da tsofaffi da samari masu tasowa, abin da ya isa ya rushe zancen ma'ajiyar ƙwai, kuma an lura tana tsananta a ƙarshen hunturu, ta lafa da shigowar lokacin zafi. A 1919 Edward Mellanby ya nuna a Ingila cewa ana iya haddasa riket a jikin 'yan kwikwiyo ta hanyar abinci, a kuma warkar da su da man hantar kifi, kuma a wannan shekarar ce Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da hasken wata fitila mai fitar da irin sashen hasken rana da ido ba ya gani. Harriette Chick da abokan aikinta mata, waɗanda suka zauna a Biyana daga 1919 zuwa 1922 suna aiki a asibitin yara na Clemens von Pirquet, sun gwada hanyoyin biyu a kan marasa lafiya suna bin sakamakon da hoton ƙashi, suka tabbatar cewa mai da haske duk suna warkarwa, har Pirquet, wanda da yake ganin cutar ta ƙwayoyi ce, ya sauya ra'ayi. A 1922 Elmer McCollum ya nuna cewa abin da ke aiki a cikin man ba bitamin A ba ne, wani sinadari ne daban, wanda aka sa wa suna bitamin D, kuma ba da jimawa ba aka gane cewa fatar mutum tana haɗa shi da kanta idan rana ta taɓa ta, aikinsa kuma shi ne taimakon hanji wajen tsotse kalsiyam daga abinci.

Da wannan sabon sani ne aka koma duban Asiya, inda cutar ta fi ƙamari a jikin 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya. A 1922 Hutchison da Shah sun wallafa binciken da suka yi a garin Nasik na Indiya, inda suka tarar da abin da ya saɓa wa tsammani, wato cutar ta fi yawa a gidajen masu hali, Hindu da Musulmi, inda mata ke zaman kulle a ɗakuna masu duhu, fiye da gidajen talakawan da ba sa cin mai kyau amma suna yini a waje. Kathleen Vaughan ta ga irin haka a Kashmir, inda matan da ke aiki a kan jiragen ruwa suka tsira daga cutar da ta addabi matan cikin gida. A arewacin Sin, musamman lardin Shanxi, John Preston Maxwell na kwalejin likitanci ta Peking Union ya rubuta a 1925 game da matan da ɗaurin ƙafa da sanyin hunturu suka tsare a ɗaka, abincinsu kuma kusan hatsi ne zalla, daga baya ma ya nuna cewa jaririn irin wannan uwa yana iya zuwa duniya da riket tun daga ciki. Amma a cikin waɗannan shekaru an sami wata shaida da ba a ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba: Dagmar Wilson, wadda ta yi aiki a yankin Punjab, ta tarar da cutar a jikin matan karkara masu aikin gona a tsakiyar rana, waɗanda abin da suka rasa shi ne madara da abinci mai gina jiki. Murnar gano bitamin D ta yi yawa a lokacin, har ta rufe tambayar da wannan shaida ta tayar.

Gwajin jini shi ne ya mayar da gano cutar aikin yau da kullum. A 1923 Robert Robison ya gano wani sinadari da ƙwayoyin gina ƙashi ke fitarwa, wanda ake kira alkalin fosfates, kuma wajen 1930 an tabbatar cewa yana hauhawa a jinin masu riket da laushin ƙashi, saboda ƙwayoyin suna ta aiki ba tare da kayan gini sun iso ba. Shi ne gwaji mafi araha kuma mafi amfani har yanzu, ko da yake cutar hanta ma tana ɗaga shi, haka nan girman samartaka da ƙarshen goyon ciki, don haka ba a karanta shi shi kaɗai. Awon kalsiyam na jini kuwa yana iya yaudara, domin akwai wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu a wuya, kusa da maƙogwaro, waɗanda da zarar kalsiyam ya fara sauka sukan fitar da sinadarin da ke kwaso shi daga ƙashi ya zuba a jini, ta yadda sakamakon gwaji zai fito daidai alhali ƙashin ne ke biyan bashin, fosfet kuma yana zubewa ta fitsari. Sai a 1963 Solomon Berson da Rosalyn Yalow suka samar da hanyar auna sinadarin da waɗannan gaɓoɓi na wuya ke fitarwa. Shi kansa bitamin D ba a iya auna shi a jinin majiyyaci ba sai bayan da ɗakin binciken Hector DeLuca ya gano a 1968 siffar da hanta ke mayar da shi, aka kuma gano a 1970 cewa ƙoda ce ke ƙarasa shi ya zama mai aiki, sannan gwajin ya samu a 1971. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda, ko mai cutar hanjin da ke hana tsotse abinci, ko wanda ya daɗe yana shan wasu magungunan farfaɗiya, zai iya samun laushin ƙashi ko da yana kwana yana tashi a rana.

A Birtaniya, inda aka ɗauka an gama da cutar, sai ga ta ta dawo a 1962, lokacin da Matthew Dunnigan da abokansa suka bayyana ta a jikin samari da 'yan matan al'ummar Pakistan mazauna Gilasgo, masu kukan ciwon ƙafa da gwiwa wanda a baya ake ɗauka na girma ne kawai. Muhawarar da ta biyo baya ta dawo da wani tsohon batu, wato sinadarin faitet da ke cikin dusar hatsi, wanda ke kama kalsiyam a hanji ya hana jiki amfana da shi. Robert McCance da Elsie Widdowson sun riga sun nuna tasirinsa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya sa gwamnatin Birtaniya ta umarci a riƙa zuba alli a garin burodi. Daga baya bincike ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci yana sa jiki ya ƙone bitamin D ɗinsa da sauri, ke nan rashin biyun ba kishiyoyi ba ne da za a zaɓi ɗaya, kowanne yana tsananta ɗan'uwansa.

A wannan gaɓa ce Afirka ta shigo tarihin, kuma da hujja mai ƙarfi. A 1978 John Pettifor ya bayyana yaran karkara a Afirka ta Kudu masu riket, waɗanda bitamin D ɗinsu bai yi ƙasa ba, suka kuma warke da abinci mai kalsiyam kaɗai. A Jos, inda rana ba ta yanke wa kowa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun daɗe suna ganin yara masu gwamammun ƙafafu, kuma binciken da Tom Thacher da Philip Fischer da Pettifor da abokan aikinsu 'yan Nijeriya suka wallafa a 1999 ya raba yara 123 gida uku na tsawon mako 24: an ba wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu kuma duka biyun. Kashi 61 cikin ɗari na waɗanda suka sami kalsiyam da kashi 58 na waɗanda suka sami duka biyun sun kai matakin waraka da aka gindaya, amma a rukunin bitamin D kaɗai kashi 19 ne. Abin da yaran ke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, wanda ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san cewa yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara ko dawa, ba nono ba kindirmo, hatsi yake ci safe da dare. Binciken da ya biyo baya a Jos ya nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, da garin dutsen farar ƙasa, suna warkarwa, kuma haɗa bitamin D da kalsiyam ya fi kalsiyam shi kaɗai. Matsayar da masana na duniya suka fitar a 2016 ta amince da musabbabai biyun a jere, ta kuma ɗauki abin da ya gaza miligiram 300 a rana a matsayin haɗari ga yaro. Gaskiya ne a kan yara aka yi aikin Jos, amma yarinyar da ta tashi a kan wannan abinci ita ce budurwar da za ta shiga goyon ciki da shayarwa da ƙashin da bai gama cika ba.

A ƙasar Hausa akwai wani ƙarin cikas da Looser da Chick ba su fuskanta ba, shi ne yawan abubuwan da ke sa matashi ciwon ƙashi, da kuma faɗin kalmomin da ake kiran su da su. Sanyi da amosani sunaye ne da ke ɗaukar kusan kowane ciwon gaɓa, kuma mai fama da su yakan fara da jiƙo ko maɗori ko ƙwayar rage zafi daga kemis kafin ya ga likita. A gaban likita kuwa, amosanin jini, wato sikila, shi ne abin da ake fara kawarwa da gwajin jini, kasancewar ciwonsa yana zuwa ne a guguwa, ya ɗauke, ya dawo, saɓanin na laushin ƙashi mai tafiya a hankali ba hutu, sannan akwai tarin fuka na ƙashin baya, da ruɓewar ƙashi ta ƙwayoyin cuta, waɗanda zazzaɓi da rama kan raka. Ruwan sha ma ya taɓa shiga lissafin: a garin Tibiri na jihar Maraɗi, rijiyar burtsatse da aka fara amfani da ita a tsakiyar shekarun 1980 ta ƙunshi sinadarin fuloraid fiye da kima, yara masu yawa suka tashi da lalatattun haƙora da lanƙwasassun ƙafafu masu kama da na riket, kuma an shafe shekaru fiye da goma ana shan ruwan kafin awon da aka yi masa ya nuna inda cutar take fitowa.